Fursunonin da Suka Ƙi Gudu

Ku matso, ku mai da wayoyin nan aljihu. Kai mai jar riga, ɗaga gwiwarka daga kan takardar nan, ɗakin gandirobobi ka danne. Kun ce kuna son koyon jan wasa, har na ji ɗayanku yana cewa ai abu ne mai sauƙi, mutum ya zauna ya yi ta zuba ƙarya, jama'a suna jefa ƙwayar ludo. To, madalla. Ni shekara ashirin da wani abu ke nan ina zuba wannan ƙaryar tsakanin Gashua da Nguru, har sunana na yanka ya ɓata. Kowa Yari yake ce mini, har uwargidana in ta so tsokana.

Aikin dai ga shi. Ina zana kurkuku a takarda, kurkukun da ke can sama cikin taurari, inda sai kumbo ke zuwa. Kowane ɗan wasa na ba shi marfin kwalba ɗaya, shi ne shi a cikin labarin. In faɗa musu abin da suke gani da abin da suke ji, su kuma su faɗa mini abin da za su yi don su tsere. In abin mai haɗari ne, mutum ya jefa ƙwaya. Huɗu zuwa shida ya yi nasara, biyu da uku ya sha da ƙyar, ɗaya kuwa sai dai a yi masa jaje.

Kurkukun farko da na zana, a gaban maigidana na zana shi, Mista Bulus, mutumin Filato, ma'aikacin safiyo da aka turo Gashua. Wata shida ya yi yana sa ni jan layi a takardar buhun siminti, gida-gida, kowane gida daidai faɗin marfin kwalba. In layi ɗaya ya karkace sai ya ce in sake. Ranar da ya ce in gina nawa, na zuba basira: bango bakwai, masu gadi na ƙarfe da ba sa barci ba sa cin hanci, waje kuma babu iskar shaƙa. Mutum huɗu suka zauna awa biyu suna lalube, suka rasa ko ramin ɓera, suka tashi suka tafi cin soyayyen kifi. Ni kuwa sai washe baki nake yi, wai na ci.

Mista Bulus ya ce, "Kai ka ci, su sun tafi. Gobe da wa za ka yi wasan?"

Abu biyu ya koya mini a ranar. Kowane kurkuku ka bar masa hanyar fita uku, ka kuma shirya, don ta huɗu za su bi. Na biyu, abin da ƙwaya ta nuna shi za ka faɗa, ko da kai zai cuta. Ranar da 'yan wasa suka gane kana yi musu sassauci, daga ranar gudunsu ya daina daɗi.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a gwangwanin madara. Rula, fensir, ƙwaya biyu, marafan kwalba, da kwalin da nake karewa don kada a leƙa mini asiri. Masu gadin ƙarfe kuwa tsofaffin fulogin babur ne, ku ɗaga ku ji nauyi. Babban kayan aikin shi ne sanin wanda ya zauna a gabanka. Ɗaliban jami'a bindigar haske suke nema tun ba su gama zama ba. Masunta, in ka zuba su a kurkuku, tambayarsu ta farko ita ce ina ruwan wanka yake bi ya fita, kuma wallahi sai sun bi shi. 'Yan kasuwa su nemi wanda za a gani a bayan fage. Na ɗauka na gama sanin mutane kaf, sai shekarar ruwa ta zo.

A shekarar kogi ya cika ya shigo gari. Rumfata tana gangare, kwana biyu ruwa yana ciki. Da ya janye na je na tarar da kurkuku goma sha ɗaya sun zama kunu, aikin shekaru. Gwangwanin nan kawai na tsira da shi, shi ma a kan katangar maƙwabci na same shi. Na tattara na dawo Nguru wajen dangin uwargida, na yi ta yawon neman inda zan kafa tebur. Duk wanda ya ga ƙwaya sai ya ce a'a. Da ƙyar na samu wata rumfar kwano a bayan tashar jirgin ƙasa, ta wani dattijo da ake kira Baba Saje, Babarbare, tsohon gandiroba. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makulli, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji cewa ko mutum ɗaya bai taɓa guduwa a hannunsa ba.

A rumfar na sake zana kurkuku guda daga ka, na sa masa suna Kurkukun Bayan Wata. Wata biyu ana wasa, samari sun fara cika benci, sai ga Baba Saje da sandarsa.

Ya yi mini gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, Yari. An ce mini caca kake yi a rumfata. An kuma ce kana koya wa yara fasa gidan yari. A rumfata, ni."

Na ce, "Baba, ba kuɗi a tebur, kuma gidan yarin a bayan wata yake."

"Ko a bayan rana yake. Akwai mai cajin waya da ke son wurin. Ran Juma'a ka kwashe."

Na durƙusa na roƙe shi ya zauna sau ɗaya tak ya gani da idonsa. In na bar rumfar nan babu wata, na riga na zaga garin. Ya ce zai zo ran Alhamis da shaidu biyu, daga azahar zuwa la'asar. In ya ga caca, na tashi. In ya ga shirme, na tashi. Kuma shi hannunsa ba zai taɓa ƙwaya ba.

Ran Alhamis na share rumfa har sau biyu. Ya zo da Alhaji Buba, Bafulatani dillalin shanu, da Oga Sande mai sayar da kayan babur, Inyamiri haifaffen Nguru wanda Hausarsa ta fi tawa. Samari suka tsaya a baya. Na ba kowane dattijo marfinsa, na ɓuya a bayan kwali, na sauke murya yadda na saba.

"Kun farka a ɗaki mai bangon ƙarfe. Ta 'yar taga kuna hango duniyarmu can nesa, ƙanƙanuwa kamar lemo. A bakin ƙofa mai gadi na ƙarfe yana tsaye, idonsa ja. Me za ku yi?"

Alhaji Buba ya ce, "Ina ne gabas?"

Shekara goma sha biyar ina jan wasa, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce ya fuskanci lemon nan, Ka'aba tana cikinsa. Ya gyaɗa kai, ya juya marfinsa ya kalli taga.

Sai Baba Saje ya ce, "Me muka yi aka kawo mu?"

Na duba takarduna. Tsawon bututun iska yana nan, lokacin zuwan kumbon abinci yana nan, ramin shara yana nan, hanyoyina uku cif. Laifin fursuna kuwa ban taɓa rubutawa ba, don samari ba sa tambaya. Ka ce musu kurkuku, sun fara haƙa. Na ce, "Hukumar can ce ta ɗaure ku, Baba."

"To, in hukuma ce, sai mu zauna mu cinye wa'adinmu. Wanda ya gudu, ina zai sa fuskarsa a gari? Iyalinsa za a dama."

Alhaji Buba ya ce gaskiya ne, ya tambaya ko an sanar da gida, ko akwai wani babba da za a tura ya ba da haƙuri. Suka zauna. Jama'a, suka zauna daram. Baba Saje ya raba aiki, wane shara, wane wankin kwano. Oga Sande ya tambaya ko akwai mutane a ɗakin kusa, na ce akwai, kafin in ankara ya fara sayar musu da sabulu ta ƙarƙashin ƙofa.

Na ce bari in taimaka. "Mai gadi ya wuce, makulli ya faɗo daga ƙugunsa, ga shi a gabanku."

Baba Saje ya ce, "Na ɗauka. Na kira shi na miƙa masa. Ka kuma gaya masa in a ƙarƙashina yake, yau sai ya kwana a gadirum, ɗakin horo."

Samarin baya suka fara toshe baki. Na sake gwadawa, na ce wuta ta ɗauke, ƙofar ɗakin ta buɗe da kanta, babu kowa a baranda. Baba Saje ya tura marfinsa bakin ƙofa, zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai an motsa. Ashe jawo ƙofar ya je yi. Ya rufe ta, ya sa Oga Sande ya danne ta da baya har wuta ta dawo, don kada a ce da su aka haɗa baki.

Awa guda ta wuce, ba a jefa ƙwaya ko sau ɗaya ba. Gumi ya jiƙa mini riga har wando. Baba Saje ya dubi inuwa a ƙasa, ya yi hamma, ya ce, "Caca dai ban gani ba. Amma wannan zaman ai na yi shi shekara talatin, har biyana ake yi. Mai cajin waya ko ba komai zai amfani unguwa."

Ban san abin da ya kai bakina ba. So nake kawai in cika shirun da wani ƙara, in nuna musu ana ajiye dabbobin yanka a ƙasan bene, ko hankalinsu zai kai ga kumbon abinci. Na ce, "Kuna jin wani abu daga ƙarƙashin daɓe," na buɗe baki na yi kukan saniya. Maƙogwarona ya bushe ƙamas tun ɗazu, kukan ya fito a shaƙe, wani iri, abin kunya.

Alhaji Buba ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Sake."

Na sake.

"Wannan kukan ƙishirwa ne. Shanun wa?"

Ku saurara da kyau, don duk sana'ar a wannan daƙiƙar take. Ba a rubuce yake ba, amma na ga idon mutumin. Na ce, "Naka ne, Alhaji. Tare aka kamo ku, guda arba'in."

"Kwana nawa rabonsu da ruwa?"

"Uku."

Ya miƙe tsaye, babbar riga da komai, ya manta marfi ne ya kamata ya miƙe. Baba Saje ya ce ya zauna, a bi ta hanyar da ta dace. Ya kira mai gadi ya shigar da ƙara. Na ɗauki fulogi na matso da shi, na yi muryar ƙarfe: "Fursuna uku, ruwan mutum uku. Dabba ba ta cikin rajista."

Baba Saje ya ce, "Ka kulle su?"

"An kulle su."

"Ka kulle abu mai rai, ka riƙe makullin, ka ce ruwansa ba ya cikin rajista?"

"Ba ya cikin rajista."

Dattijon nan ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Ya ce shi ya yi aiki da mugaye ya yi da na kirki, amma bai taɓa ganin inda aka kulle ko akuya aka hana ta ruwa ba. Wannan ba hukuma ba ce, 'yan fashi ne da gini. Ya juya ya ce, "Alhaji, Sande, ku tashi. Fita za mu yi."

Na yi maza na fara tallar hanyoyina, na ce akwai fa wani bututu a saman ɗakin. Ya ce in riƙe bututuna, saniya ba ta hawa bututu. Ya tambaya bokiti nawa ne a ɗakin, na ce biyu. Ya tambaya yaushe masu gadi suke canjin aiki, na faɗa. Ya ce a duk gidan yarin duniya, ba mai tsayar da fursuna biyu da bokiti in akwai gandiroba a bayansu yana yi musu tsawa. Abin da ake bukata kawai rigar gandiroba. Hanya ta huɗu ke nan, Mista Bulus yana can Filato bai san an cika masa magana ba.

Oga Sande ya ce shi zai kwance mai gadin, ai duk abin da aka ɗaure da noti ɗan'uwan babur ne. Na ce sai an jefa ƙwaya. Alhaji Buba ya ɗaga takarda ya leƙa ƙarƙashinta, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya tabbatar babu ko sisi, ya ce a jefa. Biyar. Oga Sande ya kwance mai gadi tun daga wuya har gwiwa, ya kuma tambaya ko zai iya riƙe notunan. Baba Saje ya rataya ƙirjin ƙarfen, ya kifa kan a kansa, ya sa su gaba.

Daga nan rumfa ta rikice. Tsohon nan ya buɗe muryar da ya ajiye tun ritaya: "Hagu, dama. Kai mai bokiti, ido a ƙasa." Har mai shayi na tsallaken titi ya miƙe tsaye. Ƙofa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, masu gadin ƙarfe suna sara masa. A ta huɗu wani ya tambayi lambarsa, Baba Saje ya balbale shi da faɗa a kan tsatsar da ke kafaɗarsa har ya ba da haƙuri. Suka sauka ƙasan bene. Alhaji Buba ya yi bismilla ya jefa ƙwaya da hannunsa, ya sami shida, ya yi wa shanun kira irin nasu na Fulani, da ƙarfi, a tsakiyar Nguru. Marafaina ba su kai arba'in ba, samari suka bazama wajen mai shayi suka kwaso, muka cika takarda da shanu. Oga Sande ya ba kowace suna. Wata ta taka mai gadi, wata ta yi kashi a ɗakin shugaban kurkuku, ni na faɗa, kuma ban yi nadama ba. Ina dariya ina jan wasa, hawaye yana zuba a kan kwalina.

Sai ƙofa ta bakwai, wadda kumbon abinci yake bayanta da tankin ruwa a ciki. Tun farko haka na zana ta: ba ta tsayawa a buɗe sai wani ya riƙe mariƙinta daga ciki, in ya saki kuma sai ya yi gudu kafin ta faɗo. Baba Saje ya ce shi zai riƙe, babba ne ke fita a ƙarshe. Shanu suka wuce, Alhaji ya wuce, Oga Sande ya wuce da notunansa.

Na ce, "Baba, saura kai. Gudu ne, sai an jefa."

Oga Sande ya miƙo hannu zai jefa masa. Na ce a'a, ƙafar kowa ƙwayarsa. Na san abin da nake yi wa kaina, amma doka ce. Can masallaci ladan ya fara gyaran lasifika. Baba Saje ya dubi ƙwayar nan ya daɗe. Sannan ya ɗauke ta da yatsa biyu kamar mai ɗaukar kunama, ya sake ta.

Ɗaya.

Ina da kwali a gabana, ina da baki, zan iya cewa ƙofar ta maƙale, ko wata saniya ta dawo ta tokare ta. Ba wanda zai ce don me. Rumfata tana kan wannan ɗigon guda. Na ce, "Baba, ka zame. Ƙofa ta faɗo. Kumbo ya tashi, kai kana cikin kurkuku."

Ya dubi marfinsa shi kaɗai a bayan layin fensir. Ya ce, "Shanun sun sha ruwa?"

"Suna sha yanzu."

"Duka arba'in?"

"Duka, Baba."

Ya ɗauki hularsa ya sa, ya ɗauki sanda da buta. Sai da ya kai bakin rumfa ya juyo ya nuna ni da sandar. "Ba mai taɓa rumfar nan sai na fito daga kurkukun nan. Ran Asabar bayan azahar. Kuma ka gyara ƙofa ta uku, ko yaro zai wuce ta."

Tun daga ranar ban ƙara zana bango ba sai na fara rubuta abin da zai sa mutum ya ƙi zama a bayansa. Ku rubuta wannan, shi ne darasin yau, jan layi kuma gobe, wata shida.

Shekara shida ke nan Baba Saje yana Kurkukun Bayan Wata. Duk Asabar yana zuwa, da ƙwayarsa ta kansa a aljihu, ya ce tawa ba ta da tarbiyya. Ya fitar da masunta, ya fitar da ɗalibai, ya fitar da wata tsohuwa mai ido uku daga wata duniyar, kullum shi ke riƙe ƙofa, kullum wani abu sai ya faru. Mai cajin waya ya gaji da jira ya kama shago a bakin kasuwa.

Watan jiya ya sake isa ƙofa ta bakwai. Ƙafa ta yi nauyi yanzu, sai an riƙo shi yake zama a benci. Ya jefa, ƙwaya ta gangara ta tsaya a shida, kowa ya gani. Rumfa ta ɗauki sowa, Oga Sande ya cire hula yana rawa. Ni kuwa na tuna sharaɗin, ranar da ya fito zan iya rasa rumfa, amma na faɗa yadda take: "Baba, ka wuce. Ga kumbo a buɗe, ga duniya can tana jiranka."

Ya dubi kumbon, ya dubi benci cike da mutane, ya dube ni. Ya shafa aljihu kamar mai neman wani abu.

Ya ce, "Na bar butata a ɗaki."

Butar tana nan kusa da ƙafarsa, kowa yana ganinta. Ya sa yatsa a kan marfinsa, ya tura shi baya, ƙofa ta shida, ta biyar, har cikin ɗakin farko mai 'yar taga. Ya gyara masa zama ya fuskanci gabas.

Ya ce, "Yari, rufe."

Na rufe.